RASORES: TSOHON SUNAN TSUNTSAYE MASU TONO



Wanda duk ya shiga Morai da hantsi, ko wani ƙauye na ƙasar Talata Mafara, Bakura ko Maradun, zai tarar da kaza a bakin danga tana tono, 'yan tsaki na biye da ita. Wannan tono shi ne jigon laccar yau, domin kuwa da shi ne masana suka taɓa raɗa wa kaza da danginta suna.

A shekarar 1811 wani Bajamushe masanin dabbobi, Illiger, ya kasa tsuntsaye bisa ga irin ƙafafunsu da aikin da suke yi da su. Akwai masu iyo, da masu hawa itace, da masu fyauce, sa'an nan akwai Rasores. Kalmar ta Latin ce, ma'anarta masu kankara, watau masu tono ƙasa don neman abinci. A cikinsu ya sa kaza da zabo da fakara da dawisu da talo-talo, har ya haɗa da dangin tantabara.

Daga baya aka ga an yi kure. Ɗan tsako yakan fito daga ƙwai da gashinsa, ido buɗe, ran nan ya fara tsattsaga. Ɗan shila kuwa tsirara ake ƙyanƙyashe shi, sai iyaye sun yi masa ɗura. Ashe cin abinci a ƙasa ɗaya ba shi ne dangantaka ba. Saboda haka aka ware tantabara da kurciya, dangin kaza kuma sunan Galliformes ya tabbata a kansu, Rasores ya koma tsofaffin littattafai. Binciken ƙwayoyin gado na wannan ƙarni ya daɗa nuna cewa kama da wane ba ta wane: kazar dutse ta ƙasar nan ta fi kusa da salwar Amurka bisa ga fakarar da suke daji ɗaya.

Har wa yau, yawancinsu baƙi ne. Asalin kaza dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya, talo-talo daga Meziko, dawisu daga Indiya. Zabo da fakara su ne 'yan ƙasa.

To, ina amfanin sunan da aka yar? Amfaninsa shi ne, ya faɗi abin da tsuntsun ke rayuwa a kansa. Ƙafa mai ƙarfi, da farce mai kauri, da ƙundu mai niƙa hatsi da tsakuwar da aka haɗiya, duk kayan aikin ƙasa ne. A ƙasa suke ci, a ƙasa fakara da zabon daji suke yin ƙwai. Matan karkara sun daɗe da sanin haka. Sukan sa wa kaza ƙwan zabi ta yi kwanci, ko da yake nata kwana 21 ne, na zabuwa kuwa 26 zuwa 28, in an ƙyanƙyashe a haƙo gara a ba su.

A nan ne magana ta shafi ma'aikaci. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato a 1978, noman rani ya kankama a wannan yanki. Inda noma ya faɗaɗa, saura takan ragu, maganin feshi ya yawaita. Ƙwaron da aka fesa, kaza ce mai tsince shi. Dajin da aka ƙone, mafakar fakara ce. Alhali kuwa kazar nan ita ce asusun matar aure: da ita ake sayen magani, da ita ake sauke baƙo. Hausawa sun ce garin tone-tone kaza kan tono wuƙar yanka ta. Bai kamata malamin gona ya zama shi ne mai binne mata wuƙar ba.

Saboda haka wajibi ne mai tsara aikin gona ya sa masu tono cikin lissafinsa: a tsare kaji daga gonar da aka yi wa feshi, a bar 'yar ciyawa a kan iyaka, a yi rigakafin annobar kaji kafin hunturu. Ɗalibai kuma su bi dattawa da maharba su rubuta sunayen tsuntsayen nan da halayensu, tun masu sani suna raye.