SALULA, KASUWA DA KARATU: ABIN DA MASU BINCIKE SUKA GANO A ƘASARMU

Jawabin da mushen lakwal ya yi a taron ƙungiyarmu na bayan kaka, a Zermu



 

A taron da ya wuce an kawo shawarar mu buɗe ajin yaƙi da jahilci na manya a wannan rani. Wasu suka ce yanzu wannan wahala ce kawai, tunda duk mai salula yana iya aika saƙo da muryarsa har Kano ko Agadas ba tare da ya san baƙi ko ɗaya ba. Magana ce mai nauyi, kuma yau za mu yanke ta, domin kuɗin alli da allo da fitila daga asusunmu za su fito. Shi ya sa biro ya ɗora mini in kawo muku abin da masu binciken zaman jama'a suka gano a kan salula, a nan Nijar, wani ma a jaharmu ta Damagaram.

NA FARKO, KASUWA

Salula ta shigo ƙasarmu a shekarar 2001. Ba a rana ɗaya rezo ya kai ko'ina ba: wannan kasuwa ta samu bana, waccan sai baɗi, wata sai bayan shekara uku. Wata malama mai ilimin tattalin arziki daga Amurka, Jenny Aker, ta ga cewa wannan ya ba da hanyar gwaji. Ta ɗauki farashin hatsi da ma'aikatan SIMA ke rubutawa a kasuwanni wata bayan wata, har zuwa 2006, ta kwatanta kasuwannin da rezo ya kai da waɗanda bai kai ba, sannan ta zauna da ƴan kasuwa ta yi musu tambayoyi. A 2010 ta buga sakamakon: inda salula ta kai, bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100.

In ba ku misali da kuɗinmu. Idan da tiya tana dala 100 a wata kasuwa, dala 150 a wata, ratar dala 50 ke nan. Bayan salula sai ratar ta koma dala 42 zuwa 45. Dalili a fili yake. Da ɗan kasuwa sai ya shiga mota, ya biya kuɗi, ya kashe yini, kafin ya san nawa ake sayar da hatsi a kasuwar Dole. Yanzu kira ɗaya ya isa, sai ya kai kayansa inda suke tsada. An kuma ga abin ya fi ƙarfi tsakanin kasuwanni masu nisa da juna da masu mugunyar hanya.

To, ina rabon manomi? Ita wannan malama da wani abokin aikinta, Marcel Fafchamps, sun koma suka duba kuɗin da ake biyan manomi shi kansa. Suka tarar a wake bambancin ya ɗan ragu, da kamar kashi 6 cikin 100, amma a hatsi da dawa ba su ga canji ba, kuma kuɗin da ke shiga aljihun manomi bai ƙaru ba. Wannan bai ba ni mamaki ba, na san ku ma bai ba ku ba. Wanda bashi ya matsa da kaka, ko ya ji farashin Damagaram, a ƙofar gida zai sayar, domin ba shi da mota, ba shi da halin jira. Labari yana amfanar wanda ke da ikon yin aiki da shi. Mutum ɗaya da tiya goma ba shi da wannan iko. Mutum ashirin da suka haɗa buhunansu suna da shi.

NA BIYU, KARATU

Wannan shi ne ya fi shafar shawararmu. A 2009 da 2010 ƙungiyar CRS ta buɗe azuzuwan manya a ƙauyuka 113 na jahohin Doso da Damagaram, ana koyar da karatu da lissafi a harshen gida. Aka jefa ƙuri'a, ƙauyuka 58 suka samu ƙari guda: an koya musu yadda ake kunna salula, a gane lambobi da baƙaƙe a jikinta, a rubuta saƙo a aika. Mutum biyar ke tarayya a salula ɗaya. Sunan shirin ABC. Amfanin ƙuri'a shi ne kada wani ya ce an zaɓi ƙauyuka masu ƙwazo ne.

Da aka yi jarrabawa, ƴan ajin da aka haɗa musu da salula sun fi sauran maki a rubutu da lissafi, kuma da aka dawo bayan watanni da rufe aji, har yanzu suna gaba a lissafi. Ni da nake tsaye gaban allo kullum na san abin da wannan ke nufi. Yaro ya tafi hutun damana wata uku, ya dawo ya manta rabin abin da ya koya, domin babu abin karantawa a gida. Babba ma haka ne. Salula ta ba su abin da za su riƙa gwada hannu a kai, da dalilin yin haka: sunan ɗa da ke ci-rani, lambar mai awo, adadin kuɗin da aka aiko.

A 2014 an sake wani gwaji a jahohin Maraɗi da Damagaram. A wasu ƙauyuka, kowane mako ana kiran malamin aji, da maigari, da ɗalibai biyu, a tambaye su ko an yi karatu a makon, mutum nawa suka zo. Ba a ƙara wa kowa ko dala ba. Kiran kawai ya sa sakamakon ɗaliban ya fi na ƙauyukan da ba a kira ba. Idon mai gona, in ji manya, ya fi taki.

Ga amsata ga masu cewa murya ta isa. Murya tana kai gaisuwa. Amma saƙon da ke shaida an aiko maka kuɗi a rubuce yake zuwa. Wanda bai iya karanta shi ba sai ya miƙa salularsa ga wani, ya bayyana masa asirinsa, ya kuma yarda da duk abin da aka ce masa. Iyayenmu mata su suka fi shan wannan.

NA UKU, JITA-JITA

Kowane dare saƙonnin murya na yawo a WhatsApp: magani kaza na warkar da komi, allura kaza na kashe haihuwa, an ga kaza a gari kaza. Ba a san mai maganar ba, ba a san ranar da ya yi ta ba, kowa na saurare shi kaɗai a ɗakinsa. Kakanninmu sun fi mu dabara a nan. A 1962, zamanin Diori Hamani, aka kafa ƙungiyoyin sauraron rediyo da ake kira Radio-Clubs. Jama'a na taruwa su saurari shiri tare, mai jagora, sau da yawa mushen lakwal ne, ya buɗe mahawara, a ɗauki ra'ayoyin mutane da rakoda a aika Yamai, su dawo ta gidan rediyo kowa ya ji. Ƙaryar da za ta rinjayi mutum ɗaya da wuya ta wuce mutum talatin, domin a cikinsu akwai wanda ya je wurin, akwai wanda zai ce: wa ya faɗa?

ABIN DA NAKE ROƘON TARO

1. Mu buɗe ajin daga watan Fabrairu zuwa faɗuwar ruwa, na maza daban, na mata daban, a lokacin da su matan suka zaɓa.

2. Duk mai salula ya zo da ita aji. Marasa ita su haɗu da masu ita, biyar biyar.

3. Ƴan uwanmu da ke zaune a Damagaram da Yamai, ga aikinku: mutum ɗaya ya riƙa kiran malamin aji da maigari kowace Jumma'a.

4. Samari biyu su riƙa tambayo farashin hatsi da wake a Mirya da kasuwar Dole, su rubuta a allo kusa da masallaci, masu son haɗa kaya su ba biro sunansu.

5. Sau ɗaya a mako, bayan lisha, mu saurari saƙonnin da ke yawo tare. Abin da ya shafi lafiya a tambayi ma'aikacin likita kafin a tura wa wani.

6. Duk mai binciken da ya zo da takardun tambayoyi, mu karɓe shi da mutunci, mu kuma roƙe shi ya dawo ya faɗa mana abin da ya gano, da Hausa. Sakamakon da na karanta muku yau daga bakin talakawa irinmu aka tattara shi, amma da Turanci aka buga shi, nesa da nan.

Ni na ɗauki ajin maza kwana uku a mako, ba tare da an biya ni ba. Muna neman wadda za ta riƙe na mata, da mai ba da aron zaure. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

 Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya kai mu damana mai albarka.