Zanen Tumbi Da Labarin Gyambon Ciki



Yau maganar ciki za mu yi, wato tumbin ɗan Adam, da yadda likitocin da can suka zana shi a takarda tun ba a san na'urar ɗaukar hoto ba. Mahautanmu da ke nan za su ce ai su sun san tumbi, kullum suna wanke shi a kwata. Haka ne, amma na saniya ɗaki huɗu gare shi, namu kuwa jaka ɗaya ce tal. Auna mutum da dabba ya daɗe yana ɓatar da masana. Galen, babban likitan zamanin Rumawa, birai da aladu ya feɗe, aka yi ta bin maganarsa fiye da shekara dubu.

Wajen shekarar 1390 wani likita a Shiraz ta ƙasar Farisa, Mansur ibn Ilyas, ya rubuta littafi mai zanen mutum a tsugune, ga jijiyoyi, ga tumbi da hanji. A 1543 Vesalius, malamin jami'ar Paduwa a Italiya, ya fitar da nasa zanen daga gawar da ya buɗe da hannunsa, ya gyara kurakuran Galen da dama.

Amma zanen lafiyayyen tumbi daban, na mai ciwo daban. Tsakanin 1829 da 1842 wani Bafaranshe, Jean Cruveilhier, ya buga zane mai launi na tumbin marasa lafiya, ya nuna gyambo a matsayin rami a bangon tumbi, ya raba shi da ciwon daji. Duk wannan fa sai bayan mai ciwon ya rasu ake gani.

To, ga abin mamaki. A 1822, a tsibirin Makina na Amurka, bindiga ta tashi bisa kuskure ta fasa cikin wani saurayi, Alexis St. Martin. Likitan soja William Beaumont ya yi jinyarsa, ya rayu, amma ramin ya ƙi rufewa, ya zama kamar taga. Likitan nan sai ya riƙa ɗaura nama a zaren siliki yana zurawa ciki, bayan awa ɗaya ko biyu ya jawo ya duba. Gwaji sama da 200 ya yi, ya buga littafi a 1833 har da zanen ramin. Ya ga ruwan ciki ne ke narka abinci, ya kuma ga fushi na jinkirta narkewar. Ko an yi wa saurayin adalci? Mu dai muna shakka, don talaka ne kuma ƙarƙashin likitan yake ci. Ya dai rayu har 1880.

Abin da babu mai zanen da ya gani shi ne ƙwayar cutar. Sai a 1982 Barry Marshall da Robin Warren suka gano ta a Ostireliya, ana ce mata Helicobacter pylori. Da likitoci suka ƙi yarda, Marshall ya sha ta da kansa a 1984, ya kwanta ciwo. An ba su kyautar Nobel a 2005.

Nan maganar ta zo gida. Yawancin olsa daga wannan ƙwayar take, ko daga magungunan ciwon jiki irin su asfirin da diklofenak, waɗanda direbobinmu da 'yan dako ke saye a tire su haɗiya ciki ba komai. Yaji da yunwa suna tayar da zafin, amma ba su ne tushen ba. Madara da kanwa kuwa lallashi kawai suke yi, ramin na nan. Ana gwajin ƙwayar a asibiti, maganinta na kamar mako biyu ne, a sha har ƙarshe. Wanda kuma ya ga bayan gidansa ya yi baƙi kamar kwalta, ko ya yi aman jini, kada a jira gari ya waye, a kai shi asibiti a daren.