Gidauniyar Unguwa: Wa Zai Raba?

 

Maganarmu ta yau a kan gidauniya ce, watau kuɗin da mutanen gari su ke tarawa don amfanin kowa. Tara kuɗi bai taɓa gagararmu ba. In masallaci ya rushe, ko gobara ta ci rumfunan kasuwa, kafin la'asar kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa. Wurin rabo ne a ke samun wahala. Wa zai riƙe? Wa zai ce a ba wannan, wancan ya dakata? A nan gidauniya da yawa ta mutu. Kuɗi su shiga hannun mutum ɗaya, shekara ta kewayo ba a ji bayani ba, sai zargi ya tashi. Ran da a ka sake kiran gudummawa, kowa ya kama aljihunsa. Asarar kuɗi da sauƙi, a kan mayar. Amma in yarda ta fita daga unguwa, dawo da ita aiki ne.

Mu ɗauki misali da Tudun Wada ta Zariya. Unguwa ce da ta tashi a bayan ganuwar birni a zamanin Turawa. Mutanenta daga garuruwa dabam dabam su ka zo neman aiki da fatauci, ga Bakano, ga Bakatsine, ga Banufe, ga Babarbare. Baƙo ba shi da dangi kusa, saboda haka maƙwabci ya zama ɗan'uwa. Irin wannan zama shi ke haifar da ƙananan ƙungiyoyi: samari masu yashe kwata kafin damina, 'yan sintiri masu gadin dare, mata masu adashi, masu gyaran maƙabarta, da masu kula da makarantar Islamiyya. Ku ma a ƙauyukanku kuna da irinsu, kun kuma gāji aikin gayya tun kaka da kakanni.

Waɗannan ƙungiyoyi ƙarfi gare su, abin hannu ne babu. Bukatarsu kuwa ba ta da yawa. Samari shebur da baro su ke so. 'Yan sintiri tocila da usur. Ajin karatu allo da alli da tabarmi. Mata keken ɗinki guda biyu don koya wa 'yan mata. Babban ofis da ke can nesa ba zai san wannan ba, gama mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo. Don haka mu ke cewa, gidauniyar unguwa mutanen unguwa ya kamata su raba ta.

Ba mu ne farkon masu wannan tunani ba. A nan gida, a shekarar 1992 'ya'yan Zazzau su ka kafa ƙungiyar bunƙasa ilmi ta Zariya, wadda a ke kira ZEDA, don su taimaki ɗalibai da makarantu da abin da su ka tara, ba tare da zaman jiran hukuma ba.

A Amurka kuma akwai wani birni, Cleveland. A shekarar 1914 wani lauya mai shugabancin banki, sunansa Frederick Goff, ya lura attajirai su kan bar dukiya don wani aikin alheri, bayan shekaru bukatar ta wuce, dukiya kuwa tana ɗaure da wasiyyar wanda ya mutu. Sai ya kafa gidauniyar gari. Banki ya riƙe dukiya ya juya ta, mutum 5 kuma su zauna su raba ribar bisa ga bukatar zamaninsu. Ku lura da dabarar: mai riƙo dabam, mai rabo dabam. A shekarar 2003 gidauniyar nan ta ƙara wani mataki. Ta ware kuɗi don ƙananan ƙungiyoyin unguwanni, daga Dala 500 zuwa Dala 5,000, ta ce mazauna unguwannin su za su zauna su zaɓi waɗanda za a ba.

A Nijeriya ma an gwada irin wannan. Daga 2009 zuwa 2021 Gwamnati da Bankin Duniya sun yi wani shiri na raya al'umma a jihohi da yawa, har da Katsina maƙwabciyarmu. Mutanen ƙauye su ke taruwa su zaɓi aikin da su ke so, ko rijiyar burtsatse, ko ajin makaranta, ko ɗakin shan magani. Su zaɓi kwamitinsu, su kawo kashi 10 cikin 100 na kuɗin aikin, sa'an nan a ba su sauran. Dalilin sa su kawo nasu kason a fili ya ke. Abin da guminka ya shiga ciki ba ka bari ya lalace.

To, yaya unguwa ko ƙauye zai yi nasa? Bari mu yi ɗan lissafi, tun da kun koyi ƙidaya. A ce akwai gida 200, kowane gida ya ba da Naira 500 a wata. A wata ɗaya an sami Naira 100,000, a shekara Naira 1,200,000. A ajiye kashi ɗaya cikin huɗu, watau Naira 300,000, don ranar gobara ko ambaliya. Saura Naira 900,000. In an raba wa ƙungiya 6, kowacce ta sami Naira 150,000. Kun gani, da yayyafi kogi kan cika.

Amma kafin a karɓi ko kwabo, sai a shimfiɗa sharuɗɗa a rubuce. Ga bakwai da mu ke ba ku shawara a kansu.

Na ɗaya, kuɗi su zauna a banki da sunan gidauniya, kada su kwana a ɗakin kowa. Kada a fitar sai da sa hannun mutum uku.

Na biyu, masu rabo a zaɓe su a bainar jama'a, mutum 7 ko 9, don kada ƙuri'a ta yi kunnen doki. A sa mata a ciki, a sa samari, a ɗauko daga kowane lungu. Bayan shekara biyu a sake zaɓe. Mai unguwa da liman su zama iyaye masu shaida da sulhu.

Na uku, ƙungiyar da ke neman taimako ta rubuto takarda ta amsa tambaya huɗu. Su wane ne ku? Me za ku yi? Nawa zai ci? Ku me za ku kawo?

Na huɗu, in ɗan kwamiti yana cikin ƙungiyar da ta nema, ko ɗansa ko matarsa na ciki, sai ya fita waje har a gama shawara.

Na biyar, kada a yanke magana a zaune. A tafi a ga kwatar, a ga ajin, a ga mutanen. Gani ya kori ji.

Na shida, a ba da rabin kuɗi tukuna. In an kawo rasit, an ga aiki ya kama, sa'an nan a cika.

Na bakwai, duk wata uku a karanta lissafi a gaban jama'a, abin da ya shigo da abin da ya fita, a kuma manna takardar a inda kowa zai gani.

Akwai wani abu da ya fi sata yi wa gidauniya ɓarna, shi ne kunya. Dattijo ya zo ya ce a ba ƙungiyar ɗansa, ko attajirin da ya fi kowa zubawa ya ce ga inda ya ke so kuɗi su tafi. Wane yaro ne zai dubi idonsa ya ce a'a? Nan ne rubutacciyar doka ke ceton kowa. Magatakarda ya durƙusa ya ce, "Baba, a gafarce mu, ga abin da jama'a su ka rubuta, har da sa hannunku." Dattijo bai wulakanta ba, yaro kuma bai yi rashin kunya ba. Ƙungiyar da ba ta samu ba kuwa, a kira ta a gaya mata dalili, a nuna mata abin da za ta gyara don zagaye na gaba.

Yanzu kun ga inda karatunku ya shigo. Duk sharuɗɗan nan bakwai a kan takarda su ke tsaye. Wanda bai iya karatu ba, abin da a ka karanta masa shi zai ji, ko an tsallake layi ba zai sani ba. A ba shi takarda ya dangwala yatsa, bai san ko Naira 5,000 ya shaida ko 50,000 ba, alhali bambancinsu sifiri ɗaya ne tak. Amma ku da ku ka zauna a aji, za ku iya tsayawa gaban takardar lissafi ku bi ta layi layi. In mutum goma a unguwa su ka iya haka, ma'aji mai gaskiya ya huta da zargi, marar gaskiya kuma ya rasa wurin ɓuya.

Ga aikin da mu ka bar muku kafin mako mai zuwa. Kowa ya rubuta sunayen ƙungiyoyin da ke garinsu. Ya zaɓi ɗaya, ya je ya tambayi shugabanta tambayoyin nan huɗu, ya rubuta amsa da hannunsa, ya kawo wa malam a karanta a aji. Sa'an nan ku ƙidaya gidajen unguwarku, ku yi lissafin abin da za a tara a shekara in kowa ya ba da Naira 500 a wata.

Allah ya ba mu ikon riƙon amana, ya sa albarka a abin da mu ka tara. Mu tashi lafiya.