Jawabi Kan Tsaron Akwatin Saƙon Murya, a Taron Zagayowar Ranar Kafa Ƙungiya a Sabha

Shugaba, iyayenmu dattawa, alhazai da hajiyoyi, Allah ya maimaita mana. An ba ni minti kaɗan, kuma a kan akwatin saƙon murya zan yi magana, wato inda mai kira yake barin magana idan bai same ka ba.

Kowa a nan ya san hanyar Agadas. Daga Dirku zuwa Madama, zuwa Tummo, har a shigo Gatrun, sau da yawa waya ba ta da sabis. To, idan layinka yana da wannan akwati, duk kiran da bai same ka ba can yake faɗawa. Ɓarawo ya san haka. Sai ya sa lambarka a WhatsApp ɗin wayarsa, ya nemi a karanto masa lambobi 6 na tabbatarwa ta hanyar kira. Kai kana cikin Sahara, kiran ya faɗa akwati. Idan lambar sirrin akwatin tana nan yadda kamfani ya bar ta, 0000 ko 1234, sai ya buɗe daga nesa ya saurara, ya karɓe WhatsApp ɗinka. Kafin ka iso Sabha ya rubuta wa abokin cinikinka na Kantin Kwari da sunanka, da hotonka, cewa a tura kuɗin kaya ga wani asusu. Wa zai yi musu? Lambar Alhaji ce.

Wannan ba sabon abu ba ne. A Ingila, satar sauraron irin waɗannan akwatuna ce ta sa aka rufe jaridar News of the World a 2011.

Amma abin da ya fi damuna kwamfutar ofis ce, wadda ake kula da layin ƙungiya da akwatinsa a kanta. Wanda ya zauna gabanta zai iya sauya lambar sirri, ya ji saƙon kowa: wane direba ya taso, da kayan wa, nawa aka bari a hannun wa. Shagonmu muna sa masa kwaɗo biyu, ita kuwa a ofisoshi da yawa kalmar sirrinta tana rubuce a takarda, an manna a jikinta. Ina roƙon shugabanni, mutum biyu kawai su riƙe ta, ɗakin ya zauna a kulle, kada yara su riƙa hawa intanet a kanta. Ranar da sakatare ya sauka, ranar za a sauya kalmar, ko da ɗan cikinmu ne. Ba zargi ba ne.

Ku kuma, ko Libyana kake riƙe da shi, ko Almadar, ko layin gida, sauya lambar akwatin, in ba ka amfani da shi ka sa a rufe. A WhatsApp a kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Saƙon kuɗi kuma, kira ka ji muryar mai shi kafin ka tura.

Bayan sallar la'asar matasanmu za su zauna a bakin ƙofa, duk mai so ya kawo wayarsa a gyara masa a gabansa, amma lambar shi zai danna da hannunsa.