Ga Ƙoshi Ga Kwanan Yunwa: Malamin Aji da Kayan Koyarwa na Zamani

Jawabin da kwamitin ilimi na reshe ya gabatar a taron Ranar Malamai ta Duniya, 5 ga Oktoba

 

An ɗora mana nauyin yin magana a kan kayan koyarwa na zamani, wato waya da kwamfuta da abin da suke ɗauke da shi. Za mu fara da gida. A garin nan Cibiyar Koyar da Fasahar Sadarwa ta jihar Jigawa take, tun farkon shekarun 2000, zamanin mulkin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki. A garin nan kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu take. Daga wurare masu nisa ake zuwa Kazaure a koyi sarrafa kwamfuta. Duk da haka, kowa a zauren nan ya san yaron da ya gama sakandare a ƙasar nan bai taɓa aza yatsa a kan kwamfuta ba sai ranar jarrabawa. Wannan shi Bahaushe ke kira ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne, jarrabawa ta riga mu ƙaura. Tun 2015 hukumar JAMB ta daina amfani da takarda da fensir. Yau ɗalibi zai zauna gaban na'ura ya amsa tambayoyi 180 cikin awa biyu. Hukumar WAEC ta fara gwada hanyar a 2024 da masu rubuta jarrabawar ƙashin kansu. Mu ma ba mu tsira ba, domin jarrabawar cancanta ta hukumar rajistar malamai, TRCN, da kwamfuta ake yin ta. Yarinyar da muka sha wahalar koya wa ilimin halittu shekara uku tana iya faɗuwa alhali ta san amsa, don kawai hannunta na rawa, ta ɓata rabin lokacinta tana neman inda za ta danna. Abin takaicin shi ne, abin da take bukata ɗan kaɗan ne: haruffan A, B, C da D na zaɓen amsa, N na wucewa gaba, P na komawa baya, S na miƙa aiki. Malami yana iya zana waɗannan a kwali ya koyar da su, sa'an nan a nemi rana ɗaya a kai yaran inda za su taɓa na'urar da hannunsu kafin ranar ta zo.

Kada wani ya ce mana malamin ƙasar Hausa baƙon sabon kayan aiki ne. Kakanninmu sun koyar da allo da tawada da alƙalamin gamba. A shekarun 1950, zamanin Yaƙi da Jahilci, motar majigi ta zaga garuruwa tana nuna wa jama'a hotuna a dandali. Da yawa daga cikinmu da littattafan Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu muka buɗe ido. Da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda annobar korona, rediyo ce ta riƙe darasi. A duk waɗannan zamunan kayan aiki sun sauya, amma mai riƙe da su bai sauya ba. Kowane ɗaya ya yi amfani ne gwargwadon ƙwarewar malamin da ya tsaya a bayansa.

Akwai darasi daga nesa da ya kamata masu saye da rabawa su riƙe. Ƙasar Peru, a Kudancin Amurka, ta raba wa 'yan firamare ƙananan kwamfutoci dubu ɗaruruwa. Da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya bincika makarantun karkara sama da 300, rahotonsa na 2012 ya nuna yaran sun iya sarrafa na'urar, amma makinsu a lissafi da harshe bai ɗaga ba. An sa kuɗi a kan akwati, an manta da malami. A nan gida kuwa, shirin horar da malamai na TDP, wanda gwamnatin Birtaniya ta tallafa, ya fara aiki a Jigawa da Katsina da Zamfara a 2013, ya kuma bi wata hanya mai sauƙi: gajerun bidiyo a wayar malami, ya ga yadda ɗan'uwansa ke gudanar da darasi a aji irin nasa, ya maimaita kallo yadda ya ga dama. Wannan hanya ta dace da mu, domin ta fara da wanda zai shiga aji gobe da safe.

To, me ke hannunmu yanzu? Na farko, dandalin Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar a watan Maris na 2022 tare da UNICEF da kamfanin Microsoft. Kyauta ne, an tsara shi bisa manhajar karatun ƙasa, kuma akwai darussa da Hausa a ciki. Na biyu, rumbunan ƙananan littattafan labarai irin su African Storybook da StoryWeaver, inda ake samun labarai masu hotuna da Hausa, a sauke su ko a buga su ba tare da biyan ko kwabo ba. Malamar aji biyu da ba ta da littafin karatu ko ɗaya tana iya kwafe labari guda a allo, ta nuna hotunan daga wayarta layi-layi. Na uku, manhajar Kolibri, wadda aka gina musamman don wuraren da babu intanet.

Wannan batu na rashin intanet shi ne ma'auninmu. A ƙauyukanmu da yawa sai an hau tudu ake samun sabis, wutar lantarki kuwa baƙuwa ce. Duk kayan da ba zai yi aiki ba sai da data a kowane lokaci, na birni ne, bai iso gare mu ba tukuna. Dabarar ita ce mutum ɗaya ya sauke darasi ranar da ya shigo gari, ya zuba a memori, sauran su karɓa ta Bluetooth ko Xender, kamar yadda matasanmu ke musayar finafinai a kasuwa. Hanyar da fim ke bi ya kai Amaryawa da Korayel da Kanya, darasin husufin rana ma zai iya bin ta.

Ga masu koyar da Hausa, muna da jan hankali na musamman. Ku sa allon rubutun Hausa a wayoyinku. Yana nan a cikin Gboard kyauta. Idan muka rubuta wa yaro kafa alhali ƙafa muke nufi, ko baki a maimakon baƙi, ko bata a maimakon ɓata, mun rushe da waya abin da muka gina da alli. Haka nan manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke rubuta shirin darasi cikin ƙiftawar ido. Suna rage wahala, amma suna kawo kuskure da murya irin ta mai gaskiya, Hausarsu kuma sau da yawa fassara ce. Duk abin da suka ba mu, mu auna shi da manhaja da littafi kafin ya shiga kunnen yaro. Kada kuma waya ta sa mu raina kara da tsakuwa da murfin kwalba. Yaron da ya kasa tsakuwa goma sha biyu kashi uku da hannunsa ya fahimci sulusi fiye da wanda ya kalle shi a gilashi.

Yanzu ga saƙonmu ga masu ɗaukar mu aiki, kuma muna roƙon shugabannin reshe su kai shi inda ya dace. Horo ya riga rabon na'ura, kuma ya zama mai ɗorewa, a lokacin da malamai mata masu iyali za su iya halarta. Duk makarantar da za a ba na'ura a haɗa mata da sola ta caji da wurin ajiya mai tsaro. Datar aikin gwamnati kada ta fito daga albashin malami. Na'urar da ta lalace a bakin aiki, gyaranta na kan mai ita. Idan za a riƙa ɗaukar halartar malamai da na'ura, to, a yi tanadin ranar da sabis ya ɗauke, kada a hukunta wanda yake tsaye a aji saboda laifin da ba nasa ba. Uwa uba, kada a mai da na'ura hujjar ƙin ɗaukar malamai. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Kowa ya san yawan da ke gabansa. Babu kwamfutar da za ta lura cewa yarinyar da ke bayan aji ta yi shiru yau saboda ba ta karya ba.

Mai neman haƙƙi kuma sai ya sauke nauyi. Namu alkawarin guda huɗu ne. Wayar da ta shiga aji, don darasi ta shiga, hira ta jira tashi. Ba za mu yaɗa hoton ɗalibi ko sakamakonsa ba sai da yardar iyayensa. A kowace makaranta, matashin da ya iya waya ya zauna da dattijon da ya iya aji, kowa ya ƙaru da ɗan'uwansa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sa'an nan muna ba da shawarar reshe ya kafa rumbun darussa na bai ɗaya, kowace ƙaramar hukuma ta wakilta mutum biyu, mace da namiji, su tattara abin da aka gwada a aji aka ga amfaninsa, a tace shi, a raba shi a memori a farkon kowane zango. Muna kuma roƙon shugabanni su nemi zama da manyan makarantun garin nan biyu, a duba yadda malamai da 'yan ajin ƙarshe za su riƙa samun shiga ɗakunan kwamfuta lokacin hutu. Rijiya tana cikin gida. Guga ne ya rage mu nemo.