Noman Miya a Filin Gida

(Jawabin da aka gabatar a taron dattawa da wakilan ekklisiyoyi)



An ba ni 'yan mintoci in yi magana a kan noma a cikin gida, wato a ɗan filin da yakan rage bayan mutum ya yi gini a unguwannin gefen gari, irin su Sabon Tasha da Narayi a Kaduna, ko Bukuru kusa da Jos. Yawancinmu 'ya'yan manoma ne. Waɗansu aiki ya kawo su birni, waɗansu kuwa rashin tsaro ya raba su da gonakinsu. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kowa ya ga yadda cefane ya koma, har a tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. Dattawa za su tuna a 1976 gwamnatin Obasanjo ta yi kira ga kowane gida ya yi ɗan lambu. Yanzu ba gwamnati ke kira ba, tukunya ce.

Abin da na lura shi ne, da zarar ɗan'uwa ya sami fili a bayan ɗaki, masara yake zubawa, domin ita hannunsa ya saba da ita. Bari mu yi lissafi tare. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 bai kai murabba'in mita 500 ba. In an cire gini, rijiya, bayan gida da wurin shanya, mai sa'a ne zai sami mita 100. A ce gona ta yi kyau, hekta guda ta ba da buhu 20. To mita 100 kashi ɗaya ne cikin ɗari na hekta, wato kilo 20 ke nan, kashi ɗaya cikin biyar na buhu, bayan jiran wata uku ko huɗu. Gida mai yara biyar zai cinye wannan kafin a ankara. Filin gida ba zai ba ku tuwo ba, 'yan'uwa. Miya zai ba ku, kuma iyayenmu mata shaida ne cewa kuɗin miya ne ke fita kowace safiya.

Alayyafo, mako uku zuwa huɗu an fara yanka, in an bar gindin kuma ya sake tohowa. Kuɓewa takan fara 'ya'ya wajen wata biyu, wadda ta yi yawa a yanka a shanya don rani. Ga rama, yakuwa, lalo da ugu, wanda zai hau katanga bai ci muku ƙasa ba. Attarugu gindi biyar ya ishi gida. Zogale kuwa, a shuka shi a jikin katanga, in ya kai ƙugun mutum a datse kansa don ya yi rassa, kada ya tafi sama inda hannu ba ya kaiwa. A shanya ganyensa a inuwa, ba a rana ba. Tumatir a yi shi kaɗan, domin tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda ta cinye gonakin Kaduna da Kano a 2016, ba ta san bambancin gona da gida ba.

Na san wani zai ce shi haya yake, ko kuma ya shafe tsakar gidansa da siminti. To ga buhu. A huda ƙasansa don ruwa ya fita, a cika da ƙasa kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, a ajiye inda rana ke yi aƙalla awa shida. Har doya da dankali ana yi a ciki. Ranar da mai gida ya ba da notis, sai ka ɗora gonarka a amalanke. Sai dai a kula da inda ake ɗebo ƙasa. Ta bolar gari akwai tsofaffin batura da shara mai guba a ciki, ganye kuwa ba ya tace abin da ya sha. Haka ma ruwan kwata. Da rani a tara ruwan wanke shinkafa da na ɗauraye kwanuka, a yi ban ruwa da yamma, a rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa.

Kaji biyar ko goma za su ba da ƙwai da taki, amma ɗanyen kashin kaji yana ƙona shuka, sai an tara shi ya ruɓe na 'yan makonni. Abin da ke karya gwiwar mata shi ne annobar hunturu, cutar Niyukasil, wadda takan share akurki cikin kwanaki. Akwai rigakafinta, cibiyar binciken dabbobi ta Vom na yin sa, ɗigo ne a idon kaza, ana maimaitawa bayan wata uku zuwa huɗu. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, in an buɗe ta kuma ba ta jira, don haka gidaje goma su sa rana ɗaya su yi tare.

Akwai maganar da ba zan tsallake ba. A unguwanni da yawa mu ne marasa yawa, kuma dabbarka da ta shiga gidan maƙwabci takan jawo maganar da ta wuce dabba. A killace kaji da awaki. Alade kuwa, a ganina, ba na fulotin cikin unguwa ba ne inda katangarka ke haɗe da ta Musulmi. Ribarsa ba ta kai zaman lafiyar ƙofar gida ba. In alayyafo ya yi yawa, a aika yaro da dami ɗaya maƙwabta.

Roƙona ga dattawa shi ne, majami'u da yawa suna da fili a baya wanda ciyawa kawai ke ci. A yanka shi kwami-kwami, a fara ba gwauraye da waɗanda suka gudo daga ƙauyukansu, a rubuta sunan kowa da iyakarsa don kada a zo ana shari'a a gaban majalisar dattawa. A ware kwami ɗaya na renon iri a hannun Zumuntar Mata, a shuka attarugu da tattasai mako biyar ko shida kafin damina ta zauna, domin duk mai buhu ya zo ya ɗauki dashe.