Jawabi A Kan Wasan Ƙarshe Da Aka Cinye Yaranmu

(An gabatar da shi a babban taron shekara-shekara na ƙungiya, a zauren taron makaranta)

 

Mai girma Shugaban Taro, Malam Shugaban Makaranta, iyayenmu malamai na da da na yanzu, Shugaban Ƙungiya da 'yan kwamitinsa, yayyena da ƙannena tsofaffin ɗalibai, barkanmu da sake saduwa, da fatan kowa ya baro iyali lafiya.

Da Sakatare ya aiko mini cewa ni zan yi magana a kan ƙwallo, sai da na yi dariya. 'Yan ajinmu suna nan, su ne shaida: shekara biyar na yi a makarantar nan ban taɓa sa rigar ƙwallo ba. Aikina shi ne ɗaukar bokitin ruwa da yanka lemo a hutun rabin lokaci. To, amma mai bokiti yana da wata riba guda. Tun da ba gudu yake yi ba, yakan ga abin da masu gudu ba su gani.

Kun ji takardar da aka karanta ɗazu. Wasu 'yan'uwa sun kawo shawara iri biyu: mu rubuta wa Shugaban Makaranta ya karɓe 'yan ƙwallo daga hannun Malamin Wasanni, mu kuma tsayar da kuɗin da muke bayarwa duk shekara don wasanni har sai an yi hakan. Dalilinsu shi ne wasan ƙarshe na gasar makarantun shiyyarmu, wanda aka ci mu 3 da 2. Ana 2 da 2, saura minti biyar a tashi, Malam ya cire ɗan baya ya sa ɗan gaba, maimakon ya tsare gida a tafi bugun fanareti. Aka kwaso ƙwallo aka zura mana ta uku. Ina filin ranar, zafin da kuka ji ni ma na ji shi. Amma kafin mu ɗaga hannu, ina roƙon ku yi haƙuri in ba ku labarin wani wasa da na kalla fiye da shekara 40 da suka wuce.

A 1983 ina karatun aikin gona a birnin Lincoln, babban birnin jihar Nebraska ta Amurka. Mutanen jihar nan manoman masara ne da makiyaya, kuma ba abin da ya haɗa kansu kamar ƙungiyar ƙwallon jami'arsu. Sai dai ƙwallonsu ba irin tamu ba ce. Ƙwallon doguwa ce kamar gwanda, da hannu ake ɗaukarta a ruga, ko a jefa wa ɗan'uwa. Mutum 11 ne kowane ɓangare. Ana ba ku dama huɗu ku matsa gaba yadi 10. In kun kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya shiga gidan abokan karawa da ƙwallo ya sami maki 6. Daga nan sai a ba shi zaɓi: ko ya buga ta da ƙafa ta bi ta tsakanin sanduna ya ƙara maki 1, wanda da wuya a ɓarar, ko kuwa ya sake gwada shiga gidan daga yadi 3 ya ƙara maki 2, wanda ana samu ana rasawa. Ku riƙe wannan zaɓi, don a kansa labarin yake.

A shekarar nan Nebraska ta buga wasa 12 ta cinye duka. In aka raba makinta, kowane wasa ya tashi da 52. Akwai ranar da ta yi wa Minnesota 84 da 13. Ɗan wasanta Mike Rozier shi ya karɓi kyautar Heisman, wadda ake ba gwarzon 'yan wasan jami'o'in ƙasar. Saura wasa ɗaya ta zama zakara, wato wasan da ake kira Orange Bowl, da Jami'ar Miami, a filin da Miami take buga wasanninta na gida.

Ranar ba za ta ɓace mini ba, 2 ga Janairu, 1984. Kwana biyu ke nan da sojoji suka hamɓarar da gwamnatin Alhaji Shehu Shagari, mu 'yan Nijeriya kunnenmu na kan rediyo, hankalinmu na gida. Wani maƙwabcina dattijo ya ce zaman zullumi ba zai canza kome ba, in zo mu kalli wasa a talabijin. Na tafi.

Kafin a gama kashin farko na wasan, cikin kashi huɗu, Miami tana da 17, Nebraska ba ko ɗaya. Nebraska ta farfaɗo har aka yi 17 da 17. Miami ta sake tserewa, 31 da 17. Rozier ya ji ciwo a idon sawu ya fita. Wanda ya canje shi, Jeff Smith, ya shiga gida sau biyu, na biyun saura daƙiƙa 48 a tashi. Maki ya zama 31 da 30.

A zamanin nan ba a ƙarin lokaci, kunnen doki kunnen doki ne. Zakara kuwa 'yan jarida da masu horarwa ne suke zaɓensa da ƙuri'a. Texas, wadda take biye da Nebraska, an riga an cinye ta da rana. Saboda haka kusan kowa ya yarda cewa in mai horar da Nebraska, Tom Osborne, ya sa aka buga maki 1 aka tashi 31 da 31, kofi nasa ne. Har ma akwai misali a gabansa: a 1966 Notre Dame ta ƙi yin kasada a minti na ƙarshe, ta tashi 10 da 10 da Michigan State, aka kuma ba ta kofin shekarar. Osborne bai bi wannan hanya ba, ya nemi maki 2. Turner Gill ya jefa ƙwallo, wani ɗan bayan Miami mai suna Ken Calhoun ya taɓa ta da yatsu, ta faɗi ƙasa. Miami ta ɗauki kofinta na farko. Daga baya Osborne ya nuna cewa shi ba da kunnen doki yake son zama zakara ba.

Ɗakin ya yi tsit. Ni kuwa, da ɗanyen kai, na ce wa dattijon nan ai mutumin nan ya zubar da kofi da hannunsa, gobe za a kore shi. Sai ya tambaye ni, cikin minti 60 da aka buga, minti nawa nake yi wa hukunci? Ya ce in koma in duba maki 17 na farko. Ashe ciwon yana can. Mai jefa wa Miami ƙwallo, Bernie Kosar, yaro ne a shekararsa ta farko ta wasa, amma ya ci yadi 300 da jifa a daren nan, saboda 'yan bayan Nebraska sun kasa tare jifa. Ƙungiyar da ta saba cin maki 52 ba ta damu da wannan rauni ba, domin yawan ci yana rufe shi. Ranar da ta gamu da masu sauri sai asiri ya tonu. Daƙiƙa 48 na ƙarshe su kowa yake tunawa, alhali kuwa tun a minti 15 na farko aka haƙa ramin.

A wurinsa na fara jin yadda suke auna wasa. Bayan an tashi, masu horarwa sukan shiga ɗaki da faifan wasan, su yi ta maimaita shi. Kowane ɗan wasa, a kowane tashi na ƙwallo, sai an sa masa alama: ya yi aikin da aka sa shi ko bai yi ba. Sau da yawa wanda 'yan kallo suka ɗauka a kafaɗa shi ne mai ƙarancin alama, wanda ba a ko ambaci sunansa ba shi ne ya riƙe wasan. Allon maki yana faɗin wanda ya ci ne kawai. Dalilin ci da dalilin faɗuwa sai an zauna an bincika.

Ba a kori Osborne ba. Kada kuma ku zaci daga nan daɗi ya zo. Daga Janairun 1988 zuwa Janairun 1994 sau bakwai a jere ana cinye shi a babban wasan ƙarshen shekara, shida daga ciki a hannun Miami da Florida State. Surutu ya yi yawa, amma jami'a ta bar shi da aikinsa. Shi kuma bai tsaya kare kansa ba, ya yarda cewa 'yan bayansa ba su da sauri, ya nemo masu sauri, ya sauya tsarin tsaron gida. Ran 1 ga Janairu, 1995, a wancan fili dai, ya ci Miami 24 da 17 ya ɗauki kofi, shekara 11 bayan daren da na ba ku labari. Ya sake ɗauka a kakar 1995, a ta 1997 kuma suka raba da Michigan. Shekara 25 ya yi yana riƙe da ƙungiyar, daga 1973 zuwa 1997, ba shekarar da ya ci ƙasa da wasa 9.

'Yan'uwa, ban ce Malaminmu Osborne ne ba, ban kuma ce filinmu mai ƙaya da tsakuwa filin Amurka ne ba. Abin da na ɗauko daga can hanyar awo ce. Ranar wasan yaranmu na tafi da biro da ɗan littafi, ga kuma abin da na rubuta.

Na farko, ƙarfe huɗu aka sa wasa, yaranmu suka iso saura minti 10. Motar makaranta ce ta mutu a hanya, har sai da suka tura ta. Daga sauka sai fili, ba motsa jiki, ba cin abinci. Ƙwallo biyun farko a cikin minti 15 aka zura mana su. Wannan mota kuwa, Ma'aji yana nan, ita ce muka yi alkawarin gyarawa a taron shekara biyu da suka wuce, a cikin zauren nan. Ni ma na ɗaga hannu ranar, kuma har yau ban cika nawa alkawarin ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Na biyu, duka ƙwallayen biyu daga bugun kwana suka shiga, kuma ta gefe guda, domin ba wanda aka tsayar a bakin sanda, ba wanda ya san mutumin da zai riƙe. Wannan kam aikin Malam ne, ba mota ba ce. Abu ne da ake koyarwa a atisaye, kuma ba a koyar ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na kuma faɗa masa haka baki da baki kafin in faɗa a nan. Bai yi musu ba.

Na uku, yaran da aka ci biyu a minti 15, da yunwa da gajiya, ba su watse ba. Ba wanda ya zagi ɗan'uwansa, ba wanda ya tasam ma alƙalin wasa, ba wanda aka ba kati. Suka rama ɗaya kafin hutu, suka rama ta biyu bayan an dawo. Na ƙirga harin da aka kai raga bayan hutu, namu tara, nasu uku. Mu da muka yi zamani a makarantar nan mun san lokacin da ci biyu ya isa a tashi wasa da jifa. Wanda ya koya wa yara wannan natsuwa ya yi aiki, ko da allo bai nuna ba.

Na huɗu shi ne canjin da ake ta magana a kai. Na tambayi Malam dalili. Ya ce golanmu na ainihi ya gurɗe hannu tun a wasan kusa da na ƙarshe, wanda ya tsaya ɗan aji huɗu ne da bai taɓa tare fanareti a gasa ba, yara uku kuma ƙafarsu ta fara ɗaurewa. Ya ga cewa in aka je fanareti an gama da mu, gara ya nemi ci tun muna da rinjaye. Mai yiwuwa wani ya zaɓi akasin haka, kuma ba zan ce ya yi kuskure ba. Amma da ƙwallon da ɗan gabanmu ya buga ta daki sanda ta shiga, da yau takardar yabo Sakatare ya karanta mana, a kan wannan canji dai. Shawarar da faɗin sanda ya raba ta da yabo ba ta isa a raba mutum da aikinsa ba.

Saboda haka ga abin da nake roƙon taro. A ajiye takardar nan. Kada a tsayar da kuɗin wasanni, domin ba Malam zai ji a jikinsa ba, yaran da ke aron takalmi ne za su ji. A gyara mota kafin a dawo hutu, ni zan fara biyan bashina yau a hannun Ma'aji. A zaɓi mutum uku daga cikin tsofaffin 'yan wasanmu, musamman wanda ya taɓa tsaron raga, su riƙa zuwa atisaye ko sau biyu a wata. Sa'an nan kowane wasa a sa yaro ɗaya ya ɗauka da waya, abin da a zamaninmu sai manyan jami'o'i ke iyawa. Bayan wasa Malam da mutum ukun nan su zauna su kalla, su rubuta abin da ya gyaru da abin da ya rage. A taron baɗi a karanta mana rahoton. In muka ga bugun kwana yana nan yana cin mu kamar bana, ni zan fara sa hannu a takardar, kuma a lokacin muna da hujja.

Ina ganin malaminmu na lissafi a sahun gaba, Allah Ya ƙara masa lafiya. Shi ne ba ya ba da maki a kan amsa kaɗai, sai ya bi aikin layi-layi. Sau nawa na kuskure amsa ya ba ni bakwai cikin goma, sau nawa kuma na kwafo amsa daidai ya ba ni sifiri da bulala biyu. Abin da ya yi mana shi nake roƙon mu yi wa Malamin Wasanni da yaransa.

Inda na yi kuskure a yafe mini. Allah Ya jiƙan malamanmu da 'yan'uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya ɗaukaka makarantarmu, Ya mai da kowa gidansa lafiya.